Agogo Mai Cin Rana da Na Sayo a Ƙonni

Tun da na komo gida mata ke sallama. Wannan ta zauna bisa turmi, waccan ta tsaya bakin ƙofa, kowace da tambayarta. Inna Kulu, gaskiya ne kin taka ƙasar Nijar? Gaskiya ne burodinsu ya kai taɓarya? Mi anka ce miki a kan iyaka? Na faɗi har bakina ya gaji, kuma wadda duk ta fita sai ta ƙara nata gishiri. Shi ya sa na ce wa Saratu, matar ɗana, ta zauna ta rubuta, tunda ita ta ɗan taɓa boko. Ni ke faɗi, ita ke rubutu. Wadda ta sake tambaya, a karanta mata.

Ɗan nawa na fari ne, don haka ba ni faɗin sunanshi. Saratu ma ba ta faɗi, mijinta ne. Uban Nana muke ce mishi, ko da yake Nana ta daɗe a ƙasa. Tana cikin yaran da gubar dalma ta kwashe a shekarun da yake niƙan dutsen zinari a Bagega. Bayan rasuwarta ya rantse ya bar rami, ya komo ƙauyenmu nan gefen Bukkuyum ya kama noma. To a gonar anka ɗauke shi, farkon damina, yana huɗa. Mutanen daji sunka zo bisa babura, sunka tafi da shi, sunka bar shanu a tsaye da karkiya a wuya.

Abin da sunka nema an ba su. Shanun huɗa sun tafi, gonar fadama ta tafi. Anka kai musu. Muna zaune muna jiran mutum, sai wayar Saratu ta yi ƙara. Ta saki muryar kowa ya ji.

"Saura abu guda," in ji mai maganar. "Maigidanmu na son agogo. Ba irin na faifan kasuwa ba. Mai cin rana, wanda ba a sa mishi wuta. Mai nuna hanya cikin daji. Mai faɗin hadari tun bai taso ba. Ya gani a hannun masu sayen zinari. Ku kawo shi, ku ɗauki mutuminku."

Mazan gidanmu sunka dubi juna. Ban ga laifinsu ba. Namiji ya hau hanyar nan, ko na daji su ɗauke shi, ko masu tsaron hanya su ce ɗan aiken na daji ne. Tsohuwa kuwa ba mai ɗauka, ba mai biyan fansarta. Na ce ni za ni. Ƙawata Hajo ta ce, "Kulu, ɗan fari fa. Ba ki jin kunya a ga kina rawar jiki a kanshi?" Na ce ba don shi za ni ba, don ’ya’yan Saratu ne. Ita ma ta san ba haka ba ne. Na sayar da akuyata da kwallayen aurena, na haɗa da ɗan abin da na aje na likkafani, na ƙulle a lalita. Saratu ta yi mini guzurin hoce da ƙuli-ƙuli.

Garin Anka na fara zuwa, don can masu sayen zinari suke, ni kuwa ban san ma kamannin abin da zan saya ba. Motar Bukkuyum ba ta tashi sai rana ta ɗaga, sai an taru motoci da yawa a bi juna. Cikin mota ba mai hira. Da munka iso wani kwana inda ƙonanniyar mota ke kwance gefen hanya, direba ya kashe rediyo, kowa ya sadda kai yana motsa baki. Matar da ke kusa da ni ta riƙe mini gwiwa har munka wuce, ba ta san ta riƙe ba.

A Anka na nemi wani Alhaji da ke awon zinari, wanda uban Nana ya yi wa aiki a da. Ya gane ni, ya sa anka shimfiɗa mini tabarma a zaure. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya naɗe hannun riga ya nuna mini wuyan hannunshi. Akwai zanen fari inda maɗauri ya daɗe yana zama.

"Na cire nawa na bayar, Inna. Wanda ya ɗaura shi yau ya sa wa kanshi alama. Ki gwada Sakkwato. In babu, sai Ƙonni, ki nemi Iliya mai kayan sahara. Masu zuwa haƙar zinari cikin rairayi can suke saye." Ya ba ni goro. Da zan fita ya ce, "Inna, ba ki zo nan ba." Na ce ban zo ba. Shi ya sa ko a nan ban faɗi sunanshi ba.

Daga Anka na juyo yamma zuwa Gummi. An yi ruwa, hanya ta zama kunu. Kafin mu shiga gari mota ta kafe, anka ce kowa ya sauka. Ina sauka laka ta haɗiye mini takalmin dama. Na sa hannu na laluba, na samo na wani yaro, nawa ya tafi. Haka na shiga Gummi, ƙafa guda da takalmi, guda tsirara, kamar mai tabon hankali. Na kwana gidan ɗiyar ƙanena. Ta ce ta ba ni nata, sai ya yi mini kaɗan.

Da safe a tasha, a motar Sakkwato, anka zaunar da ni kusa da wata Bafulatana tsohuwa kamata, da ƙwarya naɗe a zane bisa cinya. Ba zan ɓoye ba, na janye ƙullina daga gefenta. Ta gani. Ta dube ni, ta dubi ƙafata, ta kira ni yadda Fulani ke kiran Bahaushe.

"Kaɗo, matso, ba ni cizo. Wa anka ɗauke miki?"

Na ce wa ya ce an ɗauke mini wani.

"Tsohuwa ba ta fita da ƙafa guda don ganin gari," in ji ta. "Ni shanuna sunka kore, har da na gadon uwata. Wanda ya je bin sawu bai komo ba."

Sunanta Dija. Za ta wurin ɗiyarta da ke aure gaba da Ƙonni, don rugarsu ta watse. Ta kwance kayanta ta ciro takalmin roba ƙafa guda, shuɗi, na hagu. Nawa da ya rage ma na hagu ne. Da hagu biyu na taka Sakkwato, na taka Nijar, na komo. Ga su can ƙarƙashin gado, wadda ba ta yarda ba ta leƙa.

Sakkwato kuwa, Allah ya yi gari. Mutane kamar an zazzage buhun gero, kowa na sauri, ba mai gaida kowa. Kekunan nan masu ƙafa uku suna shiga tsakanin mutum da inuwarshi. Dija ta riƙe gefen zanena, na riƙe nata, munka shiga kasuwa. Masu agogo da yawa, amma da na ce mai cin rana sai su yi dariya, su ce wa na kusa, "Zo ka ji Inna." Ɗaya bai yi dariya ba. Ya ce akwai, ya shiga ciki ya fito da wani ƙato mai ƙyalli, da allura ja a fuskarshi.

"Ga gabas, ga arewa, Hajiya. Ko a cikin rijiya kike zai fito da ke."

Har na kai hannu lalita. Dija ta karɓa, ta aza bisa tafin hannu, ta juya jikinta ta fuskanci inda munka fito. Allura ba ta motsa ba. Ta sake juyawa. Tana nan inda take.

"Ɗan nan, duk inda na dubi arewa ce ke nan?" Ta kankare da farce, jan fenti ya biyo farcen. Ya fizge abinshi, ya ce mu tafi da tsiyarmu. Munka tafi da ita.

Munka kwana a rumfar wata mai abinci a tasha, tsakanin tukwane. Ta ba mu shinkafa da miya ja wadda magi ya yi wa yawa, ta ƙi karɓar komi. Ta ce ’yan wajenmu sun saba kwana nan, wasu za su asibiti, wasu ba su faɗin inda za su. Ni hocena na ci. Na ba Dija rabi, ta ba ni nono daga ƙwaryarta, ya fara tsami.

Kan iyaka a Illela take. Na zaci zan ga ganuwa ko gulbi. Igiya ce da ƙarfe a gicciye, da mutane masu kaki iri biyu, na wannan gefe da na wancan. Ƙasa ɗaya, ƙaya ɗaya, akuyoyi na wucewa ba mai tambayarsu takarda. Mu anka tambaya. Na miƙa katin zaɓe, shi kaɗai gare ni. Mai kakin ya juya shi, ya dube ni.

"Ina zuwa, Inna?"

Na waiga gefena. Dija ta ce, "Gaisuwar mutuwa za mu." Ya ce Allah ya jiƙan musulmi, ya miƙo katin. Da munka wuce na ce mata, "Duk ƙaryar duniya ba ki samu wata ba sai wagga?" Ta ce ita ce ba a yi wa tambaya ta biyu. Gaskiyarta. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji kamar ƙashin kifi.

A Ƙonni munka rabu. Ta hau amalanken jaki zuwa wurin ɗiyarta. Ba mu yi wata doguwar sallama ba. Ta ce, "Kaɗo, in ya komo ki yanka mishi zakara." Na ce in shanunki sun komo ki aiko mini da man shanu. Munka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki.

To ga amsar masu tambaya. Hausa suke yi kamar mu, har harshensu ya fi kusa da namu bisa na Kano, sai dai suna jefa kalmomin Faransa a ciki kamar tsakuwa a shinkafa. Kuɗinsu daban, sai ka canja a bakin hanya wurin masu zama da jaka. Burodin gaskiya ne. Bai kai taɓarya ba, amma ya kai muciya, kuma bayanshi tauri gare shi. Na gatsa ya yanke mini dasashi, sai da na jiƙa a shayi. Shayin kuma maza ke dafawa, a ’yar buta, su sha a ɗan kofi kamar na magani, su sake dafawa su sake sha, yini guda. A garinmu namijin da ya zauna yana fifita gawayi haka sai a yi da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki ba wannan ba ne. Da la’asar na ga mutum ya aza ’ya’yanshi bisa jaki za su gona, nesa da gari, ba mai waige. Sun ce su ma suna da nasu tsoron, amma bai kai namu ba. Ina tsaye ina kallo sai babura biyu sunka taho da gudu ta bayana. Ban san lokacin da na faɗa bayan wata katanga na dunƙule ba. Mai tuyar awara a wurin ta fashe da dariya. Da ta ga fuskata sai ta bari. Ta ce, "Daga Zamfara kike?" Na ce awo. Ita ta ba ni wurin kwana, ita kuma ta raka ni shagon Iliya da safe.

Shagon cike yake da kayan masu shiga sahara, jarkoki, igiyoyi, tabarau irin na masu walda, da wani abu mai kama da faifai a bakin sanda wanda ake neman zinari da shi. Iliya dattijo ne siriri, da rawani. Na faɗi abu ukun da anka faɗa mini, ban rage ba ban ƙara ba: mai cin rana, mai nuna hanya, mai faɗin hadari.

"Na wa ne, Inna?"

Na ce na ɗana ne, makiyayi ne, yana ɓata a daji.

Ya daɗe yana dubana. "Ba ke kika fara zuwa ba," in ji shi. "Zauna."

Ya fito da guda uku ya jera bisa tabarma. Na farko fuskarshi haske kamar waya, har da launi. Ni shi ya fi burge ni, kuma ya fi araha. Iliya ya ce wannan sai an sa mishi wuta da igiya, in ya kwana biyu a daji ya mutu. Ya ture shi gefe. Na biyu yana cin rana, yana nuna arewa, yana jin hadari, amma bai san hanya ba. Arewa kawai ya sani, kamar yadda kowane tsoho ya sani. Na uku baƙi ne mummuna, kauri gare shi kamar ƙwaryar goriba, da maɓallai a gefe da gefe. Ba kyau ko kaɗan.

"Wanga suke nufi," in ji shi.

Ya fita da ni waje ya nuna mini. Gilashin fuskar shi ke shan rana. Cikinshi akwai abin da ke jin nauyin iska, in hadari na tafe ya yi tsuwa tun sama na fari. Yana kuma magana da wasu taurari da Turawa sunka rataye a sama, su ke faɗa mishi inda yake. Ya ce in mutum ya tsaya wuri ya danne maɓallin ƙasa na hagu ya riƙe, agogon ya haddace wurin ke nan. Ko ina ka je, kibiya za ta juyo ta nuna maka shi. Ya danne a ƙofar shago, munka taka har bakin masallaci, kibiya ta juya tana nuna baya. Munka kewaya ta wani lungu, ta bi mu tana juyawa kamar kan maciji.

Na ce, "Ko cikin duhu?"

"Ko cikin duhu. Ko ciyawa ta rufe turba."

"In mutum ya taɓa zuwa ƙauye sau guda, ya danne?"

"Ya haddace shi."

"Ko namu?"

"Ko naku, Inna."

Na zauna bakin masallacin. Na tuna ƙauyukan da ke bayan namu, waɗanda damina ke ɓoyewa, in ciyawa ta tashi gulbi ya kawo ba baƙon da ke gane hanyarsu. Ina da ɗiya a ɗaya daga ciki. Na ce wa Iliya, in na ɗauki na biyun fa, wanda bai san hanya ba? Kamarsu ɗaya ga wanda bai sani ba. Ya ce akwai a cikinsu waɗanda sunka yi haƙar zinari, sun sani. In sun gane an yi musu wayo, ba ni za su huce a kai ba. Ya ce shi ba zai zaɓa mini ba.

Na ɗauki na uku. Na juye lalita gabanshi. Bai cika ba, ya ce in bar shi haka.

Da zai ba ni ya riƙe hannuna ya ɗaura mini da kanshi. "Ki ji da kyau. Ya daɗe cikin kwali, yunwa yake ji, abin da ke cikinshi kaɗan ne. Ki bar shi a hannu rana ta yi ta dukanshi har gida. Kar ki ɓoye shi." Na ce to. Na ji, kuma na gane. Kada wata ta ce tsohuwa ba ta fahimta ba.

Na tsallake iyaka da shi a hannu, mayafi ya ɗan rufe. Daga Illela na sa hannun a tagar mota, rana na dukanshi, lambobi na motsi a fuskarshi. Sai bayan Sakkwato, a wani shinge, anka tsai da mu anka ce kowa ya sauka da kayanshi. Akwai wani mutum a motarmu da buhu cike da burodi da batiran waya. Ya ce shago gare shi a ƙauye. Sunka ce wa yake kai wa a daji. Ya rantse, ya kira sunan mai garinsu. Sunka zaunar da shi a ƙasa, sunka cire mishi hula. Motarmu ta tashi ba shi. Matarshi na ciki, ta yi ta bugun gilashi.

Burodi ke nan. Ni kuwa mi zan ce in an ga agogon masu daji a hannun tsohuwa mai takalmin hagu biyu? In an riƙe ni, wa zai kai? Mota na tafiya na kwance shi ƙarƙashin mayafi. Na sa shi a leda, na naɗe da tsumma, na tura cikin lalita, na ɗaure a gindin cibiya, zane biyu a kai. Yadda uwata ke aje abin da take tsoron rasawa, yadda ni ma na aje komi mai daraja tun ina amarya. Na ce a raina ya sha ranar safiya, ta ishe shi.

A Gummi anka ce hanyarmu ta rufe, an tare motoci jiya. Na zauna gidan ɗiyar ƙanena kwanaki, sama a rufe, ruwa ba ya ɗaukewa. Gidan haya ne, ido da yawa. Ban kwance lalitar ba. Da na iso gida Saratu ta ce, "Inna, mu gani mana." Na ce a’a. Gida ya cika da masu barka da zuwa, kuma kowa ya san a ƙauyen nan akwai bakin da ke kai labari daji, ba mu san ko na wa ba ne. Abin da anka ƙulle don wani, sai gaban mai shi ake kwancewa. Haka na taso na gani. Saratu ta kira lambar, sunka faɗi wuri: gindin wata kuka a bakin daji, bayan gonakin da anka bari, da hantsi, ni kaɗai.

Na tafi da ƙafa. Gonakin nan duk sun zama ciyawa, har da tamu. Garin ya yi luf, hadari ya haɗe ko’ina, ba a ganin rana ko ta ina. Na iske mutum biyu bisa babur, da bindigogi a kafaɗa, fuska naɗe. Na gaba, daga muryarshi, bai fi sa’an jikana ba. Na duba bayansu. Ba kowa.

Na gaban ya ce, "Tsohuwa, wa kika zo karɓa? Muna da su da yawa."

Na ce uban Nana.

"Wace Nana? Suna za ki faɗi."

Tun ranar da anka raɗa mishi suna ban taɓa faɗinshi ba. Ko yana ƙarami zai faɗa wuta, kai nake cewa. A gindin kukar nan, gaban wanda ko gaisuwa bai yi mini ba, na buɗe baki na faɗi sunan ɗana. Ya fito mini baƙo, kamar na wani.

"Yana nan," in ji shi. "In kaya sun yi, gobe ya kwana gida. Kawo."

Na juya baya na kwance zane, na ciro lalita, na warware tsumma, na buɗe leda. Ya karɓa ya duba. Ya danna nan, ya danna can. Ya kaɗa shi kusa da kunne. Na leƙa. Fuskar wayam, ba lamba, ba kibiya, kamar idon mataccen kifi.

"Mi ne ne wanga?"

Na ce yunwa yake ji, ɗana. A sa shi a rana, zai tashi. Na gani da idona a Ƙonni, har ya bi mu lungu.

Ya ɗaga kai ya dubi sama. Na baya ya yi dariya. "Wace rana, Inna?"

Na ce su tafi da shi, gobe in gari ya washe su gani. Na durƙusa. Na ce in ƙarya nake su zo su ɗauke ni, sun san gidan. Ya ce an taɓa kawo musu na fenti, Maigida ya harbi ƙafar wanda ya karɓo. Ba zai kai mishi gawar agogo ba. Ya matsa gefe ya yi waya, ban ji abin da anka ce ba, gajeruwa ce. Ya komo ya jefo mini agogon, ya faɗi cikin ciyawa.

"Ku jira waya."

Sunka tada babur. Na tsaya har na bar jin ƙararshi. Sannan na laluba ciyawa na ɗauki abina. Ruwa ya same ni a hanya.

Washegari gari ya washe tas. Saratu ta aza agogon bisa katanga. Kafin azahar ya yi ƙyafta. Kafin la’asar lambobi sun fito, suna tafiya lafiya lau. Ta kira lambar. A kashe. Ta kira da magariba, a kashe. Ta kai wayar gidan maƙwabci mai farantin hasken rana a rufin ɗaki anka cika mata wuta, ta yi ta kira. Munka aika ta bakin waɗanda anka sako daga wasu dazuzzuka, ko sun ga uban Nana. Wani ya ce an tashi da su zuwa yamma. Wani ya ce bai san mai wannan kama ba. Gero ya yi kai, an yanke, an ɗaure. Wayar ba ta sake ƙara ba.

Saratu ba ta taɓa ce mini da kin kwance ba. Na fi son ta faɗa. Yanzu da nake wannan magana ta aje alƙalami ta fita, sai da na jira ta.

Wata rana na tuna maganar Iliya. Na ce wa Saratu ta tsaya ƙofar ɗakin uban Nana ta danne maɓallin ƙasa na hagu ta riƙe. Ta danne. Na ɗaura shi na tafi rijiya, kibiya ta juyo tana nuna ɗakin. Na tafi har gindin kukar nan, ni kaɗai, ba wanda ya sani sai yau. Tana nan tana nuna gida, ba ta kuskure ko da taki guda. Iliya bai cuce ni ba. Abin kirki na zaɓo.

Masu cewa in sayar in mai da akuyata, ku bari. In waya ta yi ƙara ina son su same shi a ƙoshe. Kullum da hantsi ni ke fitar da shi, in aza bisa rumbu inda rana ta fi zama, in koma in zauna ina tsaronshi saboda kaji. In hadari na tafe yakan yi tsuwa, siririya, tun sama na fari. Yaran gida sun saba, da sun ji sai su ruga su kwashe shanya. Ni ba ni tashi. Nakan dubi wajen daji, in ce ko akwai rufi a inda uban Nana yake, ko an bar mishi rigar da ya fita da ita.

Wagga ita ce tafiyar Ƙonni. Saratu, rufe haka nan. Inuwa ta kai rumbu, je ki matsar da agogon.